Ƙarar Murhun Aglaia

Baba Zamfir ya isa kotu tun ba a buɗe ƙofa ba, rungume da koren tayil guda da ya ɓamɓaro daga jikin murhun gidansa. Mai gadi ya ce a ajiye shi a waje, tsoho ya ce sai dai a ajiye su tare. Aka ƙyale shi.

Ƙarar ƙarama ce, irin wadda ake yankewa kafin kofi ya huce. A takarda, kuɗin murhu kawai yake nema daga Nastase magini. Amma kowa a ƙauyenmu ya san ba kuɗin ne suka fito da shi ba. So yake alƙali ta faɗa da bakinta, a gaban jama'a, cewa aikin Nastase ne ya kashe matarsa Aglaia.

A ƙarshen sanyin bara Nastase ya gina musu murhun ɗumama ɗaki. Aka hura shi, ya ci lafiya lau, sai zafi ya shigo aka bar shi. Zamfir ya koma yaƙinsa na kowace shekara da hankaki masu neman wurin sheƙa, kullum yana bisa tsani yana zagin iyayensu. Sanyi kuma ya dawo da wuri, a daidai lokacin da yake kwance a asibitin birni an yi masa aikin ido. Aglaia ta hura murhu, ta toshe tagogi, ta kwanta. Maƙwabciya ce ta same ta washegari. Likita ya ce hayaƙi ne ya dawo ɗaki, 'yan sanda suka ce tsautsayi, suka tafi abinsu.

Zamfir bai yarda da tsautsayi ba. Abin takaicin ma, shi ne ya tsaya wa Nastase uba ranar aurensa a coci, kuma a wurinmu wannan zumunci ya fi na jini nauyi. Ranar sadakar arba'in, ana rabon dafaffiyar alkama, sai ya buge kwanon daga hannun Nastase.

"Ka cinye ta, yanzu kuma sadakarta za ka ci?"

Nastase ya tsugunna ya tsince alkamar daga ƙasa. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, muka bi tsoho. Duk wanda ya ba Nastase aiki ya janye. Mata suka riƙa kwana da taga a buɗe cikin ƙanƙara, wai gara mura da murhun Nastase.

Matar Nastase, Profira, wadda yayata ce, ta yi ta ci masa kunne har cikin kotun.

"Kai dai bakinka ya mutu ne? Rabin gidajen garin nan da murhunka suke jin ɗumi. Ka ce a turo masani ya duba, kowa ya ga gaskiya!"

Alƙalin ma abin da ta kawo ke nan. Ta ce tayil ɗaya ba hujja ba ne. Za ta tura masani ya auna murhun tun daga baki har bututun hayaƙin da ke kan rufi. In ginin ne da laifi, a biya. In kuwa ginin lafiya yake, to sai a nemi abin da ya hana hayaƙi fita.

"A tura!" in ji Zamfir, yana buga sanda. "A tura goma ma!"

Nan Nastase ya miƙe, hula a hannu.

"Ranki ya daɗe, kada a wahalar da kowa. Ni na ƙuntata hanyar hayaƙin. Gaggawa na yi."

Profira ta dafe ƙirji. Alƙali ta tambaye shi ko ya san maganar nan na iya kai shi gaban wata kotun da ta fi wannan zafi. Ya ce ya sani. Aka yanke hukunci: zai biya, kuma shi zai rushe murhun da hannunsa.

Zamfir ya fashe da kuka irin na wanda aka sauke wa kaya. Wallahi ya ba ni tausayi. Tun rasuwar ba ya cin abinci, amma ranar a tashar mota na gan shi yana gutsurar burodi da cuku. Da Nastase ya zo wucewa ya ce, "Baba, a sauka lafiya," tsoho ya tofar da yawu a gefen takalminsa.

A gida Profira ta sauke wa mijinta kwandon masifa. Sunan da ya gina tun yana saurayi ya zubar a kwata, wa zai sake kiransa ko akurkin kaji ya gyara? Me za su ci? Shi dai ya wuce rumfar kayan aikinsa, ta bi shi tana yi. Ya janyo wani buhu daga bayan tarin bulo, ya kwance bakinsa.

"Ranar da aka binne Aglaia, kuna maƙabarta, na hau rufin," in ji shi. "Hankalina ne ya ƙi kwanciya. Ki duba sau ɗaya, sannan in ƙona. Tsohon nan ba zai kai Kirsimeti ba in ya sani."

Profira ta leƙa cikin buhun. Baƙa ƙirin take da hayaƙi, a dunƙule daidai faɗin bututu, amma babu wanda bai san ta ba a ƙauyen nan: tsohuwar rigar fatar tunkiya ce ta Baba Zamfir, wadda ya cusa da hannunsa don hana hankaki sheƙa, ya manta bai cire ba.