Mayafin da Aka Wanke da Toka

Gyara zama ka ji wani misali. Can ƙuryar arewacin duniya, a ƙasar mutanen Baikin, matuƙan jiragen ruwa na zamanin da, inda teku ke da sanyin ƙanƙara, an yi wani manomi da ya shekara bakwai yana roƙon a ba shi gurbi a jirgin fatauci. Ran nan mai jirgi ya aiko masa cewa ya samu. Murna wajensa ba a magana! Ya bi gari gida-gida yana ba da labari, har wanda bai tambaye shi ba. Mahaifiyarsa, tsohuwar masaƙiya, tun bara take shirin wannan rana. Su can ba sa aske tumakinsu, jira suke lokacin da gashin zai saki da kansa, su tsige shi da hannu. Haka ta tsige, ta ware mai laushi na ƙasa daga dogo mai kauri na sama, ta kaɗa zare ba tare da ta wanke maiƙon jikin tumakin ba, ta saƙa masa mayafi mai nauyi, ruwan ƙasa, yana tashin warin rago. Da ta miƙa masa sai ta ce, "Ɗana, komai warinsa kada ka wanke shi." Ya amsa da to, amma zuciyarsa na can bakin teku, inda 'yanmata za su taru rakiya. Ya ce a ransa, mutumin da za shi ganin biranen duniya ai bai kamata ya tafi yana warin garke ba. Ya faki idon tsohuwa, ya jiƙa mayafin a ruwan toka mai ɗumi, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sake, har sau uku. Mayafi ya fito fes, ya yi haske, ba nauyi. Ranar tashi kuwa shi aka kalla. Abokan tafiya suna tsokanarsa, wai ango ne ya ɓato hanya, shi ko sai ƙara buɗe kafaɗa yake.

Kwana biyu suna tuƙi da waƙa, iska na bayansu, jirgi na tsaga ruwa kamar kibiya. A na uku hadari ya haɗo. Ruwan sama na dukansu, igiyar teku na watso musu gishiri. Sai ya lura da wani abu: a jikin mayafan 'yan'uwansa ruwan dunƙulewa yake ya gangare, saboda maiƙon nan da ya raina, nasa kuwa shanyewa yake kamar tsumma. Kafin la'asar sanyi ya kai masa ƙashi, haƙora na kaɗawa, yatsu suka ƙage, filafilin tuƙi ya suɓuce daga hannunsa teku ta tafi da shi. Aka kwantar da shi tsakiyar jirgi, mutum biyu suka raba nasu mayafan da shi, da ƙyar ya kai labari. Da suka isa tsibiri na farko, mai jirgi ya murza gefen wankakken mayafin da yatsa, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce, "Sauka. Ba na ɗaukar mutumin da wasu za su ji sanyi dominsa." Yana tsaye a kan duwatsu jirgin ya ɗaga, waƙar matuƙa tana nisa, gurbinsa an ba wani ɗan tsibirin.

Ka ga abin da Hausawa ke faɗa ke nan: garin neman gira an rasa ido.