Sabon Fenti a Hawa na Biyu

Dillali bai gama zare mabuɗi daga ƙofa ba, mai ɗinki ta riga ta zaɓi inda za ta ajiye kekenta na ɗinki: jikin tagar falon nan mai haske. Ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, fari tas, sai ƙamshin fenti ke tashi. Ta sha yawon neman gida har takalminta ya cinye. Ɗakin da take haya yanzu danshi ya gama da shi, 'yar da ke goye a bayanta tari ya ƙi sakinta, likita kuwa bai ɓoye mata ba: ko ta raba yarinyar da danshi kafin damina, ko ta saba da zaman asibiti.

Sai ga wata tsohuwa ta faɗo bayansu tana haki, da koɗaɗɗen mayafi. Dillali ya ganta ya ɗaure fuska. Mai ɗinki ta yanke hukunci nan take: wata mai neman gidan ce, an haɗa su rana ɗaya don su yi rige-rige. Tun daga nan ranta ya ɓaci.

Tsohuwar ko kallon tagar ba ta yi ba. Kai tsaye ta wuce kicin ta murɗa famfo. Ya tofar da jan ruwa sau biyu ya yi shiru.

"'Yata, kin tambaye shi yaushe ruwa ke hawowa nan sama?"

"Ban tambaya ba, Mama."

"Mitar wuta fa, taki ce ke kaɗai ko ta taron dangi ce? Wanda ya tashi, me ya tashe shi? In rufi ya yi yoyo, wa zai gyara?"

Dillalin da bakinsa bai huta ba tun daga ƙasa, yanzu ya koma wasa da mabuɗai yana kallon ƙafarsa.

Mai ɗinki ta harari tsohuwar. Ta san wannan dabarar sarai, a shagonta ma ana yi: mace ta yi ta kushe yadi har wata ta ajiye, sai ita ta yi wuf ta ɗauka. To yau ba za a yi da ita ba.

"Mama, in bai yi miki ba, ga hanya nan. Ni ya yi min, ki bar ni da wahalata." Ta juya ga dillali. "Na karɓa. Yau ɗin nan."

Daidai nan yarinyar ta farka da tari, irin mai fitowa daga can cikin ƙirji. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi dillali, idonta ya kaɗa. Ta damƙi hannun mai ɗinki ta ja ta ɗakin kwana, ta tura ƙofar ɗakin gefe, ta manna mata tafin hannu a bangon da ke bayan ƙofar. Sanyi ƙalau, ga laushi. Ta sa farce ta kankara, fentin ya ɓalle kamar ɓawon ƙwai. Ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, ga warin nan da mai ɗinki za ta gane ko ido rufe.

"Duk inda kika ga sabon fenti, ki fara tambayar me aka rufe," in ji tsohuwar. "Nan za ki kwantar da ita?"

Fushin mai ɗinki duk ya koma kan dillali. "Kana jin tarinta tun daga matakala, kana ce min gidan ba shi da aibu? Kai ba ka da 'ya'ya ne? Allah ya isa!"

Ta fice fuu, ko sallama ba ta yi wa tsohuwar ba. A kwanar matakala zanin goyo ya kwance, ta tsaya tana ɗaurawa, hawayen takaici na zubo mata. Gobe kuma a koma yawo.

Daga sama muryar dillali ta sauko, a ƙasa-ƙasa, cike da ƙunci: "Haba don Allah, duk wanda na kawo sai kin kore shi?"

"Wanda za ka kawo gobe ma zan kora, sai ranar da ka kira magini ka daina kiran mai fenti," in ji tsohuwar. "Ba za a kwantar da 'yar mutane cikin ruɓar nan ba, muddin gidan nan nawa ne, kai kuma ni na haife ka."