Ƙofar Baya Ta Rufu

Tela ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa ya shimfiɗa a kujerar baya, karo na uku.

"Ta yi kaɗan," ya ce.

Dillalin motoci ya share gumi. Tun hantsi suke abu ɗaya, ga wani mai saye zai zo da la'asar. Ya riga ya faɗa wa Tela da iyalinsa haka sau biyu.

Mako uku ke nan da injin tsohuwar motar Tela ya buga, bakanike ya ce gyara ta asara ce. Mako uku yara suna makara a makaranta, matarsa kuma sai ta hau mota biyu ta ƙarasa da ƙafa kafin ta kai wurin aiki. Wannan ƙaramar ita ce ta bakwai da suka duba, kuma ita kaɗai ce daidai ƙarfinsu. In ta wuce su, sai yadda hali ya yi.

Duk da haka Tela bai saurara ba. Ya buɗe but ɗin kaya ya ce ko keken ɗinki ba zai shiga ba. Dillali ya kwantar da kujera ya nuna masa biyu ma za su shiga. Tela ya ce to ai irinta shan mai gare su.

"Haba maigida," in ji dillali, "wannan shinshinar mai take yi, ba sha ba."

Tela ya harbi taya, ya leƙa ƙarƙashi, ya kunna inji ya ce ƙarar ba ta yi masa ba. Injin kuwa, kyanwa mai barci ta fi shi surutu.

"Baban yara," matarsa ta ce a hankali, "motar nan ba ta da laifi. Kai ma ka sani."

"Ke me kika sani a mota?"

"Na san ƙafata. Ita ke shan tafiya."

Abin da ya fi ƙona masa rai, gaskiya ta faɗa. Shekara ashirin yana ɗinki, idonsa bai taɓa rasa inda zare ya karkace ba, amma yau ya nemi aibu ɗaya tak ya rasa.

Dillali ya ƙura masa ido. "Kamar na san fuskar nan. Kun taɓa zuwa ne?"

Tela ya duƙa yana duba fitila.

"To a bar awo haka," in ji dillali. "Ku shiga duka ku zauna, mu gani da ido."

"Ba sai an shiga ba," Tela ya ce da sauri. Amma babbar 'yarsa ta riga ta shiga, ƙaninta ya bi ta. Auta ta hau ta tsaya tana neman cinyar da za ta ɗare.

"Zauna a kujera, Auta," uwar ta ce daga gaba. "Ki ja bel."

"Kai, yaranka akwai hankali," in ji dillali. "Da nawa ne, da tuni an dambace a kan taga."

Ba wanda ya yi dariya.

Tela ya zagayo, ya gyara tsayuwa, ya kai kafaɗa zai danna ƙofar baya. Kafin ya sa ƙarfi ta rufu, ƙyas, kamar murfin akwati.

"Ka gani ko?" in ji dillali. "Kamar don ku aka ƙera ta. Har da sauran wuri!"

Matarsa ta juyar da fuska waje. Tela ya daɗe hannunsa a kan ƙofar, sannan ya naɗe tef ɗin ya cusa a aljihu.

"Kawo takardun," ya ce.

Bara war haka sun gwada irin wannan motar a filin nan, suka fito suna ƙyalƙyala dariya saboda ƙofar baya ta ƙi rufuwa. A lokacin yaran huɗu ne.