Shan Iskar Maikasuwa

Kullum da safe a tsaye su Zulaiha suke yin taronsu, wai don kada surutu ya yi tsawo. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya tokare shi, sai a watse. Manhaja ɗaya ce ke riƙe da ɗan ofishinsu na Kazaure, wadda dillalan dabbobi na Babura ke duba farashi da ita.

Rubuta bayanin aiki kuwa, Zulaiha, shugabarsu, ta daɗe da kashe shi. A ganinta ɓata lokaci ne: in manhaja na aiki, magana ta ƙare. Balle ga ma'aikacinsu Maikasuwa. Duk abin da ya shige musu duhu shi ake tambaya. Sai ya shafa gemu, ya ce bari ya sha iska, ya fita gindin darbejiya. Kafin shayi ya huce ya dawo da amsa. Har tsokanarsa ake yi, wai bishiyar ce malamarsa.

Kwatsam ya sami aiki a Abuja. Hankalin Zulaiha ya tashi ƙwarai, don in ya tafi da abin da ke kansa, ofishin ya mutu. Ta ajiye girman kai ta roƙe shi ya rubuta komai.

"Ranki ya daɗe, gobe in sha Allahu."

Goben ta ƙi zuwa. Ana dab da tafiyarsa, ga Babbar Sallah ta matso, manhajar ta fara kwafsawa wajen juya sefa zuwa naira. Shugaban dillalai ya kira ya ce in kasuwa ta ci a haka, sun bar manhajar ke nan.

"Maikasuwa, yau babu shan iska," in ji Zulaiha. "Zauna ka gyara, ina rubutawa."

Ya ƙura wa kwamfutar ido kamar yau ya fara ganinta, can ya ce zai kama ruwa. Da ta ga ya daɗe, sai ta bi bayansa da takarda da biro.

A gindin darbejiyar ta same shi durƙushe, ya ƙure muryar waya, kukan raguna na tashi a cikinta.

"Don Allah maimaita min a hankali, yau a kaina take tsaye," in ji Maikasuwa.

Mai yi masa bayanin dalla-dalla, kamar kullum, Halliru ne, wanda ta sallama bara saboda yawan rubuce-rubuce, yanzu yana sayar da raguna a Babura.