Na Gaba a Layi

Ya ɗaga damin hatsi a cikin rumbu, sai ga 'ya'yan ɓera kwance, jajaye, ko ido ba su buɗe ba. Matarsa ta miƙo masa sanda daga ƙasa.

"Maigida, kashe su tun ba su cinye mana hatsi ba."

Jiya ya dawo Korgom daga asibitin Maradi, bai faɗa mata sakamakon gwajin ba. Shekara da shekaru tana shan jiƙo mai ɗaci, danginsa na yi mata gorin haihuwa, ashe a jikinsa abin yake. Lokotoro ya ce sojojin jininsa ne ke kashe masa irin haihuwa, sun ɗauke shi abokin gaba. Wai masana na ƙoƙarin gyara ƙwayoyin gado, amma a kan ɓeraye ake gwadawa tukuna. Mutane sai nan gaba, in da rabo.

Sandar ta yi masa nauyi. Ya mayar da damin a hankali, ya rufe su.

"Zubar da jiƙon nan, ba ke ba ce," in ji shi. "Ni ne a layi, waɗannan kuma su ne a gabana."