Harafin da Ya Kusa Kada Bishiya

Wani dattijo da ke koya wa manya Sifaniyanci yana da ɗalibi direba, mai shirin tafiya neman aiki. Wata rana direban ya ce, "Malam, wannan el da la da ake sawa gaban kalma ai wahala ce kawai. In na faɗi kalmar, za a gane ni." Dattijon ya ajiye alli ya ce bari ya ba shi misali.

Akwai wani manomi, mutumin ƙasar Zazzau, wanda neman abinci ya kai shi Sifaniya, ya samu aiki a gonar lemo ta wani tsoho. Harshen bai zauna a bakinsa ba tukuna, amma hannunsa ya san itace, don a lambu ya tashi. Tsohon ya ga haka ya yarda da shi, har ya zama kullum sai ya rubuta aikin ranar a 'yar takarda ya maƙale a ƙofar ɗakin kayan aiki, ya tafi harkarsa. A wani mako na lokacin sanyi suna ta fitar da bishiyoyin da cuta ta cinye. Kowace safiya takardar takan ce a cire "el naranjo", wato bishiyar lemo, sannan ta faɗi wurin: ta bakin hanya, ko ta jikin katanga. Manomin ya yanke, ya tone saiwa, ya tara itacen gefe guda. Kwana biyar ana haka, har idonsa ya saba, ya daina karanta takardar, sai dai ya leƙa ƙarshenta ya ga wace ce ta yau. A rana ta shida tsohon ya tafi birni barkar 'yarsa da ta haihu, ya bar takarda kamar yadda ya saba. Manomin ya leƙa, ya ga an ambaci rijiya, ya saɓa injin zarto ya nufi can.

Bishiya ɗaya ce tak a bakin rijiyar, kuma ta fi kowace girma a gonar. Rassanta sun sunkuya da lemo, ganyenta kore shar, ɓawonta ba tsaga ba tabo. Ya tayar da inji, ya kai haƙoran zarton kusa da gindinta, sai hannunsa ya ƙi. Biyar ya kayar a makon nan, kowacce ya ga dalilinta a jikinta, wannan kuwa ya zagaya ta sau biyu bai ga komai ba. Zuciyarsa ta ce masa mai gona ya fi shi sanin gonarsa, shi baƙo ne, ba a ɗauke shi don gardama ba, in kuma tsohon ya dawo ya tarar ba a yi aiki ba, wa ya san abin da zai biyo baya. Duk da haka ya kashe injin, ya koma ya ciro takardar, ya bi ta da yatsa harafi-harafi. A nan ya ga abin da ya tsallake. Yau ba "el naranjo" aka rubuta ba, "la naranja" ce. Bai sani ba ko wata kalma ce daban, ko alƙalamin tsohon ne ya zame. Ya kira tsohon a waya ba a ɗauka ba. Sai ya tsallaka gonar maƙwabta, inda ya tarar da wata tsohuwa tana ba kajinta hatsi. Ya nuna mata takardar, ya nuna bishiyar, ya yi alamar sara da hannu. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar hatsin, ta kama hannun rigarsa ta ja shi har bakin rijiya. Ta dafa gindin bishiyar ta ce, "El naranjo." Ta miƙa hannu ta tsinko lemo ɗaya, ta sa masa a tafi ta ce, "La naranja." Da 'yan kalmomi da nuni ta fahimtar da shi cewa ana sa ran sanyi mai daskarar da ruwa, shi ya sa tsohon ya ce a sauke 'ya'yan kafin su lalace, bishiyar kuwa mahaifinsa ne ya dasa ta shekarar da aka haƙa rijiyar.

Manomin ya mayar da zarto, ya ɗauko tsani da kwanduna, ya wuni yana tsinka yana 'yar waƙarsa. Da tsohon ya dawo, manomin bai ɓoye masa komai ba. Tsohon ya daɗe yana shafa ɓawon bishiyar, sannan ya ɓare lemo ɗaya ya miƙa masa rabi, suka zauna a inuwarta suna sha. Shekara tara manomin ya yi a gonar nan, kuma tun daga ranar ba ya koyon kalma sai tare da el ɗinta ko la ɗinta, har ya gano "el puerto" tashar jirgin ruwa ce, "la puerta" kuwa ƙofa.

Dattijon ya dubi direban ya ce, "Mu ma muna da irinsa. Kukan yaro daban, kukar miya daban, ba ka taɓa haɗa su ba, don da su ka tashi. Na wasu ne ke maka kama ɗaya. Ai Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba wane ba ne."