Rufe Ido

Mai walda ya tura ƙofar gidan ya sa sakata, sannan ya jawo wayar inji zuwa rumfar da yake aiki a tsakar gida. Ransa a ɓace yake, kuma tsoro ne ya ɓata shi: ya tabbata matarsa shirin barinsa take yi.

Tun shekarar da abin matse ƙarfensa ya karye, ita ce ke riƙe masa aiki. Mutumin akwai maƙo, ya ce ina amfanin sayen sabo ga hannu a gida. Sai ta haɗa bakin ƙarfe biyu ta danne, shi kuma ya ce, "Rufe ido!" kafin ya ɗana wuta. Masu kawo aiki har yabon saitinsa suke. Bai taɓa tambayar kansa yadda ƙarfe ba ya gocewa a hannun wadda ta rufe ido ba.

Kwanan nan ta canza. Idan yana magana, gefen kafaɗarsa take kallo. Rigarsa ta yage, ta ce ya kai wa tela. Ya matsar da kujera a ɗaki, ta yi masa faɗa kamar ya yi sata. Ga ƙanwarta kullum tana gidan, su yi ta ƙus-ƙus, da ya shigo su yi tsit. Wani lokacin su fita hannu cikin hannu, su dawo ba bayani. Ruwa ba ya tsami banza.

Yau ƙanwar ba ta zo ba.

"Maman yara, zo ki riƙe min."

Ta fito a hankali, tana shafa bango. Ta durƙusa, ta bi gefen ƙarfen taga da yatsa har bakin ya haɗu, ta danne.

"Ina kuke zuwa ke da ƙanwarki?"

"Unguwa."

"Dube ni ki faɗa."

"Baban yara, yi aikinka, hannuna zai gaji."

Ba ta dube shi ba. Ya san abin da hasken walda ke yi wa ido: kwana ake yi ana hawaye kamar an zuba yashi. Duk da haka Shaiɗan ya raɗa masa, shi kuma ya saurara. Bari ta ji zafi ta yi ihu, ko zaginsa ne ta yi, in dai za ta ɗago ta kalle shi.

Ya ɗaga gilashin walda ya kare idonsa. Bai ce ta rufe ido ba. Ya ɗana wuta.

Haske ya tashi fari fat, tartsatsi na zuba. Ta cikin baƙin gilashin yake kallon fuskarta, yana jiran ta zabura. Hannunta bai motsa ba. Idanunta a buɗe suke, a kan wutar, ko ƙiftawa babu.

Ya saki sandar waldar.

"Yau ka manta ka ce in rufe ido," in ji ta, tana murmushi wajen da ba ya tsaye. "Bar shi kawai. Dama ban taɓa rufewa ba, don kada aikinka ya karkace. Likita ya ce wutar ta riga ta gama cinye min idanun."